Maginin da Shanu Suka Taka wa Ƙasa

Kai da ka zauna kana shafa gwiwa kana cewa taka ta ƙare, matso ka ji, wannan ba a aji na koyo shi ba. An yi wani magini da ya shekara talatin yana taka ƙasar gini da ƙafarsa, shi da jin kiɗa sai ya shiga kwaɓi yana rawa har laka ta yi danƙo. A kwana a tashi jijiyoyin da ke riƙe masa gwiwa suka saki. Da safe ƙafa ta sandare kamar muciya, sai an gasa ta da ruwan zafi kafin ta lanƙwashe, in ya miƙe ka ji ƙas. Salla ma a zaune yake yin ta. Ga shi ya karɓi aikin zauren wani attajiri, damina ta matso, attajirin ya ce in bai ga tubali cikin mako ba zai ba wani. Wani sabon magini kuwa har ya fara zagaya filin da ƙartinsa, yana cewa, "Baba, a huta haka nan, gwiwa ta yi murabus."

Tsoho ya sa masu jakuna suka juye masa jar ƙasa a burtali, daidai inda hanyar shanu ta matse kafin mashaya, aka sheƙa ruwa, aka watsa ciyawa, ya barbaɗa kanwa don shanu su tsaya lasa. Sannan ya sami inuwa ya miƙe ƙafa. Garke ya wuce da hantsi, ya dawo da la'asar, kowace saniya ƙafa huɗu, ba mai neman fura, ba mai cewa ta gaji. Kwana uku, ƙasa ta kwaɓu ta yi laushi irin wanda ƙarti goma ba sa yi. Yana zaune bisa turmi ya mulmula tubalinsa, zaure ya tashi kafin ruwan farko. Sabon maginin ya zo kallo, tsoho ya nuna masa garken da sanda ya ce, "Gai da leburorina."

Gwiwar ba ta warke ba, har ya koma ga Allah yana ɗingishi, amma ba wanda ya ƙara karɓe masa aiki. Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.