Rigar Sanyin da Ba Ta Hau Dutse Ba

An yi wata mata mai saƙar rigunan sanyi, wadda ta daɗe da tsinkayen saƙa a hannu har sun yi mata kanta a yatsa. Al'adar masu wannan sana'a ce, kafin su ɗora saƙar riga, su fara saƙa ɗan ƙyalle kamar faɗin tafin hannu da zaren da za su yi aikin da shi, su wanke, su shanya, sannan su auna su ga madauki nawa, wato ɗaurin zare a tsinke, ke cika taƙi ɗaya. Da haka ake sanin yawan madaukan da za a jera a tsinke don su zagaye ƙirjin mai riga. Ita ma haka aka koya mata. Amma da yake zare iri ɗaya take saye shekara da shekaru, sai ta haddace lissafinsa, ta daina gwaji. Ana nan aka tura babban ɗanta aikin koyarwa can saman dutsen Mambila, inda sanyi ke shiga ƙashi. Shi kuwa tun yana goye yake fama da ƙirji, da sanyi ya buge shi sai tari da numfashi sama-sama. Ta ce ba zai hau dutsen nan da rigar gwanjo ba alhali tana da hannu biyu. Ta shiga kasuwa ba ta sami zarenta ba. Mai shago ya miƙo mata wani, ya ce duk ɗaya ne, takardar jikinsa ce kawai ta bambanta. Ta murza shi a yatsa, ta ga kamar haka ne, ta saya. Lokacin tafiya ya matso, ga hidimar gida, ga gajiya da ta riga ta zauna mata a wuya da kafaɗa. Ta dubi zaren, ta tuna ɗan ƙyallen gwaji da wankinsa da jiran bushewarsa, ta ji ba za ta iya ba. Sai ta jera madaukai da tsohon lissafi ta kama aiki.

Yayarta, wadda ta koya mata saƙar tun farko, ta leƙo gidan ta same ta a tabarma. Ta ce, "Ke, ina ɗan gwajin?" Ta ce, "Yaya, bar ni don Allah. Ƙirjin da na goya ne ban san faɗinsa ba?" Yayar ta ce, "Ƙirjin kam kin san shi. Zaren ne baƙo." Tsinkaye suka ci gaba da ƙara.

Sabon zaren ya fi tsohon siranta da abin da bai kai silin gashi ba. A madauki ɗaya ido ba ya gani, amma riga ai taron madaukai ce. Ga shi kuma hannun mai damuwa yakan ja zare da ƙarfi ba tare da ta sani ba, ita kuwa duk layin da ta saƙa tarin yaron take ji a kunne. Kullum daga la'asar zuwa magariba tana duƙe, ido na ruwa a bayan tabarau, yatsu na sagewa ta yarfe su ta ci gaba. Da ta kai rabin bayan rigar ta ga kamar abin ya tsuke. Ta ɗora a gwiwa ta ja shi hagu da dama, ta ce wa kanta ai zare yana sakewa idan ya sha ruwa. Gaskiyar magana, ta ga abin da ta gani, ƙarfin komawa baya ne ba ta da shi. Ta gama baya, ta gama gaba, ta haɗa hannuwa, ta yi wa wuya ado mai kyau. Ana gobe tafiya ta wanke rigar, ruwa kuma ya ƙara tsuke ta. Da ta bushe yaron ya zura kai, ya zura hannu ɗaya, riga ta cije a kafaɗa ta ƙi sauka. Ya tsaya hannu a sama, ya yi dariya don ya sauƙaƙa mata, ya ce, "Umma, ko dai ta auta ce kika ba ni?" Ita ba ta yi dariya ba. Ta taimaka masa ya cire, ta ninke ta ajiye a cinya.

Da safe ya tafi da 'yar rigar gwanjo marar kauri da ya saya a bakin tasha. Uwar ta koma tabarmarta ta kama bakin zare ta ja. Aikin da ya ci mata wuya da ido ya riƙa warwarewa layi bayan layi, zaren na fitowa a nannaɗe, sai da ta jiƙa shi ta rataye ya miƙe kafin ya sake saƙuwa. Abin da ta fara yi da shi shi ne ɗan ƙyallen nan. Kafin tukunyar wake ta nuna ta gama shi, kafin inuwa ta juya ya bushe, ya kuma faɗa mata abin da yayarta ta faɗa. Ta sake ɗora riga daga tushe da yatsun da suka riga suka gaji. Kafin ta gama ta ba direban mota ya kai masa, ya riga ya kira ta a waya yana cewa lafiya lau yake, tari na katse masa magana.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.