Boris Na Huɗu

Mainasara bakanike ya ɗora bayan hannunsa kan tayar baya, ya janye da sauri. Ƙarfen ya yi zafin da zai gasa masara.

Karo na uku ke nan cikin wata biyu da boris ɗin motar Hajjo, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya ƙone. Tsohuwar tasi ce da mijinta ya mutu ya bari, ɗanta Haliru yana jigila da ita tsakanin Boɗinga da Shagari. Mutum tara ke ci daga tayoyinta. Shekarar ostariti ce kuma, kayan gyara sun ɓace daga kasuwa yadda sabulu da madara suka ɓace.

Sai da Haliru ya kwana biyu yana zagaya Sakkwato kafin ya samo wani boris na kwance, a naɗe cikin jarida. Mai shagon ya ce daga shi babu wani.

Hajjo ta zo gareji da kanta, ta zauna kan tsohuwar taya. Ba ta yarda da bakanike ba, ba ta yarda da mai awo ba. Ta ja kuɗin aiki daga naira biyar zuwa biyu da sule biyar, sannan ta kafa wa hannunsa ido.

Mainasara ya fara da inji. Hanyar nan mai gargada kan kwance notuna, ya saba bin su ɗaya bayan ɗaya. Yau ko ɗaya bai motsa ba. Ya yi mamaki kaɗan, ya wuce.

Ya cika boris da giris, ya zura, ya ɗaure noti har taya ta cije. Sannan ya dawo da sifana baya kaɗan, ya juya taya ta yi ta gudu, ya soka ƙusa ya lanƙwasa. Hajjo ta tsuke baki, ta ƙulle canjinta a bakin zane, ta tafi.

Da ta yi nisa, Mainasara ya ja Haliru gefe.

"Yaro, gaya min gaskiya. Wa ka kai ma motag ga a Shagari?"

"Wallahi Baba, ba kowa."

"To wani na taɓa ta. Notin boris ba awa na inji ba ne, ba a shaƙe shi. In an matse, ƙonewa yakai. Duk ukun nan a matse na iske su."

Haliru ya tuna Ɗanliti, direban da suka yi cacar baki kan layi a tasha. Bai gaya wa uwarsa ba, don ya san za ta je har ƙofar gidan mutumin. Ya daina barin mota a tasha. Ya rushe gefen danga, ya riƙa shigar da ita tsakar gida, dab da ɗakin uwarsa, inda baƙo ba ya kaiwa.

Kwana shida lafiya. Ran na bakwai, ranar kasuwa, da fasinja bakwai da buhun albasa biyu, kukan boris ya dawo. Haliru ya rage gudu. Ya tsaya ya zuba ruwa, taya ta yi tururi. Ya yi addu'ar da ya iya. Saura kaɗan a shiga Shagari, taya ta kafe, ta ja ƙasa, mota ta tsaya a karkace. Fasinja suka sauke kayansu suka tari wata.

A bayan tirela aka dawo da ita. Mainasara ya buɗe, ya dubi ƙarfen da ya narke ya manne, ya ajiye sifana.

"Sai dai a ɗora ta bisa duwatsu. Babu wani boris ƙasag ga."

Haliru ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai. Hajjo ta iso, mayafi a kafaɗa, ta tsaya kan Mainasara, jama'a na taruwa.

"Kai ka kashe muna mota, tsohon banza! Da idona nig ga kana sassauta noti, sau huɗu, don mu yi ta dawowa. Ba don ni ba, da nike fita kowace asuba da sifanar marigayi ina taka ta da ƙafa har notin ya daina motsi, da tuni taya ta fice da ɗana!"