Kwalba a Buhun Gawayi

Ɗana, ka ce za ka ɗauki mutumin nan da ya tuba aiki, amma sai ka ɗana masa tarko tukuna ka ga ko shiryuwar tasa ta gaske ce. To, gyara zama in ba ka misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani tsohon maƙeri a wani gari, gwani ne a kan ƙarfe, amma bai yarda da kowa ba. Irin mutanen nan ne da ko gaishe su ka yi sai sun tambayi kansu me kake nema. Ran nan liman ya kawo masa wani mutum da ya fito daga gidan yari bayan shekara huɗu. Shaye-shaye ne ya kai shi, maganin tarin nan na kwalba da ƙwaya, har ta kai shi ga fasa shagon mutane. Mata ta tafi, dangi sun juya baya, ba abin da ya rage masa sai rigar wuyansa da rantsuwar ya daina. Maƙeri ya karɓe shi don kunyar liman, ya sa shi zuga. Mutumin nan ya riƙe aiki hannu bibbiyu, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Kafin shekara ta zagayo manoma sun fara tambayar fartanyar da ya ƙera. Duk wannan bai kwantar wa tsoho da hankali ba. In mutumin ya yi hamma, sai ya leƙa idonsa ko ya yi ja. Wane ido ne kuwa ba ya ja a gaban wuta? In ya zaga ya ɗan daɗe, sai ya matso kusa da shi yana shinshina. Shi dai a wurinsa hali zanen dutse ne.

Sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda Shaiɗan kan ba mutum kyauta. Zai ɓoye kwalbar maganin a buhun gawayi, inda dole mutumin ya sa hannu kullum da safe. Amma dattijo da furfurarsa a gan shi a lungun bayan tasha wurin masu sayar da wannan kaya? Ina! Sai ya aiki babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ko sigari bai san ɗanɗanonta ba. Ɗan ya yi ta tambaya har ya gano lungun, ya sayo. Washegari mutumin ya zura hannu a buhu ya ci karo da ita. Ya mayar da ita, ya ɗebi gawayinsa, ya koma bakin aikinsa, ya kuwa gane wanda ya ajiye ta. Kullum da yamma tsoho ya duba murfi ya tarar ba a ɓalle ba. Mai hankali da nan ya tsaya ya nemi gafara. Shi kuwa sai ya ce ƙila ba irin wadda yake sha ba ce, ya sake aiken ɗansa a sayo wata. Bayan nan ya ce a haɗo da ƙwaya. A haka har 'yan lungun suka saba da ɗan, in ya zo su matsa masa a benci.

Wata rana tsoho ya duba, kwalba ta koma rabi. Murna ya yi, kuma wannan murnar ita ta fi ba ni haushi a duk labarin. Ya tara maƙwabta, ya ɗaga kwalbar kowa ya gani, ya kori mutumin. Shi kuma ya ajiye masaba ya ce, "Baba, wata biyar ina ganinta kullum, ban buɗe ba. Allah ya sani." Ba wanda ya yarda, wa zai yarda da tsohon fursuna? Ya koma wani ƙauye, ya kafa 'yar rumfa, ya fara daga wasa bakin gatari. A nan gari kuwa sai awartaki ya ɓace daga maƙera, sai masaba, sai akuyar surukar tsoho, matar ɗan nasa. Da surukar ta zo tana kuka, tsoho ya bi sawu har lungun bayan tasha, ya tarar da ɗansa a yashe a kan benci, yawu na dalala. Aka yi rubutu, aka yi jiƙo, har mari aka sa masa, duk a banza. Daga ƙarshe liman ya ce akwai wani maƙeri a ƙauye da ake kai wa irin waɗannan, yana riƙe su da aiki, don ya san sa'ar da abin ke taso wa mutum. Tsoho ya ja ɗansa suka tafi, ya tarar da wanda ya kora, ga mutum huɗu suna ƙira a ƙarƙashinsa. Mutumin ya tashi ya gaishe shi, ya ba shi tabarma, ya dubi idon ɗan ya ce zai riƙe shi. Sannan ya ce, "Baba, abu ɗaya nake tambaya ga duk wanda aka kawo mini. Wa ya fara nuna masa hanyar wurin? Sai an raba su tukuna."

Saboda haka, ɗana, in za ka ɗauke shi ka ɗauke shi, in ba za ka iya ba ka sallame shi da mutunci. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.