Ɗan Tseren da Aka Ba Kujerar Banki

Kai da aka ba ajiyar jama'a jiya, yau kake ta karkaɗa ƙafa kamar mai jin fitsari, zauna ka ji. An yi wani ɗan tsere a ƙasar Beljiyam. Duk sirrinsa a kunne yake: kafin ƙarar bindigar tashi ta gama fita, shi ya yi gaba, sauran sai dai su ga ƙeyarsa. Wani lokaci har riga bindigar yake yi, a dawo da shi layi, a yi dariya, a sake. Da gwiwa ta fara ciwo, masu wani banki suka ɗauke shi saboda sunansa, suka ba shi kujera mai laushi. To, ina! Kujera ta zame masa ƙaya. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake sa hannu, sai zagaye ofis yake yi kamar kura a keji. Al'adar gidan kuwa, babbar takarda sai ta kwana a aljihun tebur, mutum biyu sun karanta, sannan a saki kuɗi. Shi kuwa gani yake yi an ɗaure masa ƙafa.

Ran nan aka zo da zancen wasu jiragen ruwa da ke neman jari, wai wasu bankuna uku na rububinsu. Tsohon akawun gidan ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari ta kwana." Ya ce, "Malam, ni ban taɓa zuwa na biyu ba." Kafin azahar ya zuba ajiyar masunta da ta matan da mazansu suka mutu a harkar jiragen. Ya riga kowa kuwa, don sauran bankunan ba su ko motsa ba. Ashe su sun aika an dubo jiragen, an tarar tsatsa ta cinye gindinsu. Kuɗin jama'a suka bi ruwa. Ya waiga yana jiran a ce a dawo layi a sake. Wa zai ce? Nan ba filin wasa ba ne. Mutumin da bai iya zaman minti biyar ba, shekara bakwai ya yi a kan bencin kotu, ƙafa na rawa, yana jiran a kira sunansa, masuntan nan na zaune a bayansa suna kallon ƙeyar tasa. Kwana ɗaya ya ƙi jira, ka ji. Don haka sauke ƙafar nan, ka mayar da takardar da ke gabanka aljihun tebur. Hausawa ba su yi ƙarya ba: sauri ya haifi nawa.