Mutum Ɗari Huɗu, Duk Lafiya Lau

Kai da ka shigo mini da takardun tambayoyinka kana dokin tafiya ƙauye, ajiye su tukuna, ka ji abin da ya sami wata ɗaliba da ta riga ka.

Digiri na uku take yi a wannan fanni namu na nazarin halayyar mutum cikin jama'a, kuma ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba ta. Ta zaɓi wani garin bakin kogi da ambaliya ta cinye rabinsa, tana so ta auna yadda masifa ke taɓa zukatan mutane. Tambayoyin da za ta yi aiki da su da Turanci suke, sai ta zauna ta mayar da su Hausa mai sauƙi, wadda ko tsohuwa za ta gane. Tambayar da ke bincikar barci ta koma "Yaya ka kwana?" Mai bincikar mutuwar jiki ta koma "Yaya gajiya?" Ta zaman gida kuwa ta koma "Yaya iyali?" A aji an koya mata cewa mai bincike ba ya ƙari a kan tambaya, ba ya nuna tausayi ko mamaki, don kada ya karkatar da amsa. A gida kuma an koya mata cewa ɗiya mace ba ta ƙura wa babba ido. To, boko da tarbiyya suka haɗu suka danne mata kai a kan takarda. Mutum ɗari huɗu ta bi zaure-zaure, tana karantawa, suna amsawa, tana sa alama. Lafiya lau. Ba gajiya. Alhamdu lillahi. Da ta zuba amsoshin a kwamfuta, sakamako ya fito fes: tara cikin goma hankalinsu kwance yake. Ta rubuta babi biyar a kan juriyar mutanen garin, har ta karanta ɗaya a taro aka tafa mata, ta dawo kanta ya yi girma. Shekara huɗu ta kashe a kan aikin, saura mako biyu ta tsaya gaban malamai ta kare kundinta.

Sai ta ga ya kamata ta rufe kundin da labarin mutumin da ya fi kowa maki, wani masunci, ta ji sirrin kwanciyar hankalinsa daga bakinsa. Ta koma garin da fara'arta, ta tambayi gidansa. Maƙwabciyarsa, wata mai suyar ƙosai, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ai shi ba shi da gida sai bakin kogi. Ranar da ruwa ya zo yana can wajen kamun kifi. Kafin ya dawo, ɗaki ya rufta da matarsa da 'ya'yansa uku. Tun daga nan bai sake jefa koma ba, abinci ma sai an zaunar da shi an ba shi. Ɗalibar ta buɗe takardarsa, ta duba kwanan wata. Kwana goma sha ɗaya da binne su ta zauna gabansa ta ce masa yaya iyali, ya ce mata alhamdu lillahi, ita kuma ta ba shi maki mafi sama. Ta gangara bakin ruwa ta same shi zaune kan wani ruɓaɓɓen kwalekwale, ta durƙusa ta gaishe shi, wannan karon ta ɗaga kai. Idanu sun zurma, gemu ya cukurkuɗe, hawaye na bin kumatu, baki kuwa yana cewa "Lafiya lau, 'yata, ba gajiya." Ta yi salati da ƙarfi har masu wanki suka juyo. Ta bi sauran gidajen tana duba makin da ta ba kowa, ga wadda ta zare, ga wanda ya bar gari ba sallama, ga wanda ke firgita da zarar hadari ya haɗo, dukansu a takardarta lafiya lau suke. Nan ta gane cewa ita, Bahaushiya 'yar Bahaushe, gaisuwa ta yi wa mutum ɗari huɗu, suka amsa mata kamar yadda kowane mai mutunci ke amsa gaisuwa, ita kuwa ta kira abin bincike.

Ta dawo jami'a ba ta san inda take jefa ƙafa ba. Shekara huɗu sun bi ruwa, kundi ba zai yiwu a kare shi ba, ga kunyar abin da ta tsaya a taro ta faɗa a kan mutanen da ke cikin makoki. A bakin ofis ta ci karo da farfesan da ke duba aikinta, wani dattijo mai saurin tafiya. Ya ce, "Malama, yaya aiki?" Kafin ta yi tunani ta ji bakinta ya ce, "Da godiya, ranka ya daɗe." Sai ta daskare a tsaye, ta toshe baki da hannu, don da a ce takardarta ce a hannunsa, da tuni ya sa mata alama ya wuce. Shi kuwa dattijon bai saurari bakin ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya tura ƙofa, ya jawo mata kujera, ya ce, "Zauna. Me ya faru?"

Saboda haka kwashi takardunka ka tafi, ban hana ka ba, amma in ka yi tambaya ka ɗaga kai. Tun kafin a gina jami'a Bahaushe ya gama wannan binciken: labarin zuciya a tambayi fuska.