Katin Abu Gassan

Ranar Lahadi da safe Rudaina ta tarar da kofin gahawa a kan teburinta. Shugabar sashe ce ta ajiye mata, ta wuce ba ta tsaya gaisuwa ba.

Shekara sha takwas ke nan tana wannan ɗaki na ƙasan wani asibiti a birnin Amman. Aikinta ta ba kowace cuta lambarta, ta kuma tabbatar katin inshorar majiyyaci yana aiki kafin a taɓa shi. Ba ta taɓa canza lamba don wani ya yi mata kuka ba. Shi ya sa take cin abincin rana ita kaɗai.

Na farko a layi Abu Gassan ne, tsohon da ake wa wankin ƙoda sau uku a mako. Yana zaune a benci da bargonsa a cinya. Ta buga lambar katinsa da ka. Allon kwamfuta ya nuna ja.

Ta sake bugawa a hankali. Ja.

Ta kira kamfanin inshora. Maisun ce ta ɗauka, wadda suke waya kullum shekara tara ba su taɓa ganin juna ba.

"Sarkin naci, ko karyawa ban yi ba. Ba ni lambar." Maisun ta duba lambar. "Tsohon a ƙarƙashin inshorar wata ma'aikaciya yake. Wurin aikinta sun cire ta ranar Alhamis. Sallama ce. In ta faɗi, shi ma ya faɗi."

"An gaya mata?"

"Kin san halinsu, mu suke fara gaya wa. Tsaya in duba sunan baiwar Allah."

Rudaina ta ajiye wayar.

Wata nas ta leƙo. "Injin wankin ƙoda na jira. Ki sa lambar gaggawa mana, wa zai sani?"

"Bai kai gaggawa ba," in ji Rudaina. "Tukuna."

Ta dubi ɗakin. Mutum biyar, kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Ta jawo takardar tsohon ta buga mata hatimi: babu inshora. Ta sa hannu, ta rubuta kwanan wata.

Daga benci tsohon ya ɗago kai. "Yau kin daɗe. In shiga?"

Ta fito, ta durƙusa gaban mahaifinta, tana neman yadda za ta gaya masa an kore ta daga aiki.