Addu'a a Gindin Babur

Waƙar yabon da su Baba ke yi ce ta fara yankewa. Ina 'yar shekara bakwai, zaune kan yashi a bayan garin Riyad, inda Baba da abokansa masu babura suke fita ran Juma'a da la'asar. Babu coci a garin, kuma duk wanda aka kama a taron addu'a, korarsa za a yi daga ƙasar. Shi ya sa sukan cire tayar babur ɗaya, su durƙusa kewaye da shi kamar masu gyara, suna kiran sunan Yesu ƙasa-ƙasa.

Motar 'yan sanda ta taho a hankali, tana rawa cikin hucin rana kamar a ruwa take tafiya. Warin fetur ya cika min hanci.

Ɗan sandan ya leƙo. "Fi mushkila?" ya tambaya da Larabci, wato ko akwai matsala.

"Taya muka cire, ya shaikh," in ji Baba.

Sai mutumin ya sauko, ya durƙusa a tsakaninsu, ya kama musu ɗaurin noti. Na runtse ido. 

Rana na faɗuwa Baba ya ɗora ni kan tanki.

"Buɗe idonki, uwata. Ya tafi, gida za mu."